A Shuka Furannin Da Za Su Ciyar Da Tsuntsaye

Da zarar damina ta kankama a kowace shekara, akan ga ma'aikatan gwamnati da sauran masu ɗan hali suna tsayawa da motocinsu ko baburansu a gefen manyan titunan Kaduna da Kano da Jos da Abuja, inda masu sayar da furanni suka jera dashe iri iri a cikin baƙaƙen ledoji. Tambayar mai saye ba ta wuce biyu, watau nawa ne kuɗin, kuma wane launi furen zai yi. Da wuya a ji wanda ya tambayi abin da itacen zai ciyar idan ya girma, ko yawan ruwan da zai sha a watannin rani. Wannan sakaci ne da ya kamata a gyara, gama filin tsakar gida ƙanƙane ne, ruwan ban shuka kuma da kuɗi ake sayensa, saboda haka bai dace a ɓatar da su a kan abin da amfaninsa ya tsaya ga kallo kaɗai ba. Duk mai niyyar ƙawata gidansa da ƙananan itatuwa masu fure, ya kamata ya fifita waɗanda za su ba tsuntsaye abinci da mafaka a kan waɗanda ba su da komai sai launi.

Wanda ya tashi a tsohon birni ko a ƙauye bai manta da yadda gidajen da suke ba. Tsakar gida ƙasa ce, akwai lalle a jikin danga, akwai zogale a bayan madafa, sau da yawa kuma akwai ceɗiya ko durumi a ƙofar gida inda dattawa ke shimfiɗa tabarma. A irin wannan gida kukan kurciya ne ke tada mai nauyin barci, baiwar Allah kuwa, watau 'yar jar tsuntsuwar nan da ba ta gudun mutane, takan sauko har gindin turmi tana tsintar tsaba. A yau an wayi gari mai gina gida a sababbin unguwanni yakan malale filinsa da siminti tun daga ƙofar shiga har jikin katanga, ya bar 'yan ramuka biyu ko uku domin furannin ado. Simintin nan yakan wuni yana shan rana, ya kwana yana fitar da zafi, ruwan sama ba ya samun inda zai nutse sai ya kwarara kan titi, tsuntsaye kuma sukan ƙaurace wa unguwar domin babu abin da za su ci.

Kada a ɗauka cewa tsuntsun da aka saba gani kullum ba zai taɓa ƙarewa ba. Akwai lokacin da babu kasuwa ko mayanka a Arewa da ba a ganin ungulu jingim a kanta, amma a shekarar 1990 ko kusa da haka wa zai yarda cewa za a yi yaran da ba su taɓa ganinta ba? A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da suka fi kusa da ƙarewa. Abin da ya kawo ta ga wannan hali, watau guba da cinikin sassan jikinta, ya bambanta da abin da ke korar ƙananan tsuntsayen gida, amma ya nuna cewa tsuntsu na iya ɓacewa daga gari a cikin rayuwar mutum guda ba tare da an ankara ba.

Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos, ta fara a 2015 wani shiri na ƙididdige inda kowane iri yake zaune, kuma 'yan sa kai ne, akasarinsu matasa, ke fita suna rubuta abin da suka gani. Akwai kuma wuraren da hukuma ta keɓe kamar gandun dajin Yankari da fadamar Dagona a Jihar Yobe. Sai dai tsuntsu bai san iyakar gandun daji ba, birane kuwa kullum cinye gonaki da dazuzzukan da ke kewaye da su suke yi. Idan gidaje dubu a unguwa guda kowanne ya shuka ƙananan itatuwa huɗu masu amfani, an sami itatuwa dubu huɗu ke nan ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba.

Kafin mutum ya zaɓi dashe, wajibi ne ya san abin da tsuntsu ke nema a jikin itace. Akwai masu shan ruwan zaƙin da ke cikin fure, babbansu shi ne sha-kauci, ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai siririn baki lanƙwasasshe wanda gashin namijinsa ke ƙyalli a rana. Yayin da yake zura bakinsa cikin fure yakan kwashi garin furen ya kai wa wani, ta haka itacen ke samun yin 'ya'ya. Akwai masu cin 'ya'yan itace kamar cilakowa da shaya, akwai masu cin tsaba kamar kurciya da bardo da kanari, akwai kuma masu cin ƙwari kamar suda da tsanwaka da alhudahuda. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akasarin ƙananan tsuntsaye, har da waɗansu masu cin tsaba, da tsutsa da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu a cikin sheƙa. Itatuwan ƙasar nan sun daɗe suna zaune tare da ƙwarin ƙasar nan, shi ya sa ake samun abin da tsuntsu zai tsinta a jikinsu. Saboda haka idan mai sayar da furanni ya yaba hajarsa da cewa ko ƙwaro ba ya taɓa ganyenta, ya faɗa wa mai saye ke nan cewa tsuntsu ma ba zai sami abin kai wa 'ya'yansa daga gare ta ba.

A dubi bogambiliya alal misali, wadda ta lulluɓe katangun gidaje da ofisoshi da ja da shuɗi-shuɗi da fari. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma abin da ake gani mai launi ganye ne da ya sauya kama, furen gaskiya kuwa ɗan ƙanƙane ne fari a tsakiyarsa, ba ta kuma yin 'ya'yan da tsuntsu zai ci. Ba za a hana ta yabonta ba, domin tana jure fari, kuma ƙayarta da duhunta sukan ba kurciya wurin yin sheƙa inda kyanwa ba za ta kai ba. Guda ɗaya a gida ta wadatar, cika gida da ita ne kuskure. Haka nan haibiskos, furen nan mai faɗi ɗan uwan yakuwa da rama. Mai falle ɗaya yana jawo sha-kauci, amma wanda aka sarrafa ya zama ninki-ninki kamar rawani ya rasa yawancin garin furensa, bakin tsuntsu ma ba ya samun hanyar shiga.

Akwai kuma waɗanda haɗarinsu ya fi amfaninsu, musamman a gidan da ke da ƙananan yara ko awaki. Oliyanda, wadda ake jerawa a bakin hanyoyi saboda furenta mai ruwan hoda, dafi ne da ita tun daga ganye har saiwa. Kariya, duk da kasancewarta 'yar ƙasa ce kuma kyakkyawa, ruwan jikinta dafi ne da maharba suka sani tun da daɗewa. Ƙwallon bini-da-zugu yakan sa yaron da ya tauna shi amai da gudawa mai tsanani. Lantana kuwa, mai 'yan furanni ja da rawaya a dunƙule, tsuntsaye suna son 'ya'yanta ƙwarai, amma su ne kuma ke watsa irinta cikin daji inda takan mamaye makiyaya, ganyenta kuma yana lalata hantar shanu da tumaki. Tun shekarar 2000 aka lasafta ta cikin halittu 100 mafiya ɓarna wajen mamaye ƙasashen da ba nasu ba. Wannan ya nuna cewa son da tsuntsu ke yi wa itace bai isa hujjar shuka shi ba, sai an duba lafiyar yara da ta dabbobi da ta daji.

Idan aka koma ga waɗanda suka cancanta, lalle ne ya kamata a fara ambata. Reshensa kawai ake yankowa a kafa da damina ya kama, yana yin shinge mai duhu, 'yan fararen furanninsa masu ƙanshi suna tara ƙudan zuma da sauran ƙananan ƙwari, ga kuma ganyen da matan gida za su yi ƙunshi da shi. Sai minjirya, wadda manoma suka daɗe suna yin shingen gona da ita. Takan fitar da jajayen furanni bayan damina ta wuce, sau da yawa lokacin da ganyenta ya zube, kuma babu abin da ke jawo sha-kauci kamarsu. Ta fi yin kyau a wuraren da ke samun ruwan sama sosai kamar Kaduna da Jos da kudancin Bauchi, sai dai a kwaɓi yara kada su sa jajayen ƙwayoyinta a baki. Magarya tana nuna a lokacin ɗari, ƙayarta kuma kariya ce ga sheƙa, idan ana yi mata aski ba za ta wuce tsawon katanga ba. Ɗunɗu yana da fure mai rataye, rabinsa ruwan hoda rabinsa rawaya, wanda ba shi da abin jin kunya a gaban kowane furen Turai, amma yakan tsiro daga saiwa ya bazu, don haka sai an riƙa cire 'ya'yansa.

Ga mazauna Katsina da Sakkwato da Gashuwa da Maraɗi da Damagaram, inda ƙasa rairayi ce ruwan sama kuma kaɗan, sabara da geza da anza ba sa bukatar ban ruwa da zarar sun kafu. Anza ba ta zubar da ganye ko a tsakiyar bazara, 'ya'yanta kuma sukan nuna gab da faɗuwar damina, lokacin da abinci ya fi wuya a daji. Ba kuma za a ce duk baƙon itace abin gudu ba ne. Zogale daga Indiya ya fito, amma yakan yi fure tun cikin shekararsa ta farko, sha-kauci da ƙudan zuma ba sa rabuwa da shi, ganyensa kuma miya ne da kwaɗo. Rumman ma haka, furensa ja ne, yana jure fari, yara kuma su sha 'ya'yansa. Ma'aunin dai shi ne a tambaya me itacen zai ciyar, yaushe zai ciyar, kuma wane lahani ke gare shi.

Maganar lokaci tana da muhimmanci ƙwarai. Da damina ko ina kore ne, ƙwari sun wadata, tsuntsu ba ya bukatar taimakon kowa. Wahalar tana cikin watanni bakwai ko takwas na rani, saboda haka mai hikima zai haɗa itatuwansa yadda wani zai yi fure da kaka, wani ya nuna da hunturu, wani kuma da bazara. A cikin waɗannan watanni ne kuma baƙin tsuntsaye daga Turai ke ƙetaro Hamadar Sahara su sauka a nan, daga wajen Satumba zuwa Afrilu. Binciken da aka yi a Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, a ƙarshen shekarun 1960 ya nuna cewa waɗansu ƙanana daga cikinsu da 'ya'yan itacen asuwaki suke tara kitsen da zai mayar da su gida. A 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka ga fiye da rabin wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ba su komo ba, daga baya aka gano cewa ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel ne ya hallaka su. Farin da ya kashe su shi ne ya tsananta har ya zama bala'in 1973 da dattawan Arewa ba su manta ba.

Ba shakka akwai masu suka, kuma wajibi ne a saurare su. Manomi zai ce shi bai ga dalilin kiran tsuntsaye ba alhali jan baki na cinye masa gero da dawa da shinkafa. Ɓarnar jan baki gaskiya ce, marai ma yakan taɓa hatsi. Amma jan baki tsuntsun fadama ne da sarari, yana tafiya dubbai bisa dubbai, yana kwana cikin kacala da dazuzzukan ƙaya, shingen lalle a tsakiyar birni ba zai ƙara shi ba, rashinsa kuma ba zai rage shi ba. Ya kamata kuma a tuna da abin da ya faru a ƙasar Sin a 1958, lokacin da hukuma ta umarci jama'a su kashe gwara domin tana cin hatsi. Aka kashe miliyoyi, sai fara da sauran ƙwari suka yi yawa a gonaki, hakan ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka tsananta yunwar 1959 zuwa 1961, har sai da aka janye umarnin a 1960.

Uwargida kuma za ta ce duhuwa tana tara macizai da sauro. Maganin wannan shi ne a riƙa share gindin itatuwan, a sassabe rassan ƙasa, kada a jibge duwatsu ko tarkace a wurin, a kuma nisanta shuka daga tagar ɗakin kwana. Sauro kuwa a cikin ruwa mai kwanciya yake hayayyafa, yana bukatar wajen mako guda kafin ƙwansa ya zama sauro mai tashi. Saboda haka kaskon ruwan da za a ajiye wa tsuntsaye a inuwa, in dai ana zubarwa ana sakewa kullum, ba zai haifar da sauro ba. Game da tsadar ruwa, ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishi ƙananan itatuwa uku ko huɗu, muddin babu sabulu mai yawa a ciki.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta ma'aikacin da ke zaune a gidan gwamnati ko gidan haya, wanda ke cewa gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki, don me zai wahala wani ya ci moriya. Amma inuwar dogon yaro da yake ajiye motarsa a ƙarƙashinta a bakin ofis, wani ne ya dasa, bai kuwa san sunansa ba. Bugu da ƙari ƙananan itatuwa ba kamar kuka ko tsamiya ba ne da ake jira shekaru masu yawa. Lalle da zogale da haibiskos sukan yi fure cikin shekara ɗaya ko biyu, waɗansunsu ma sukan rayu a cikin rabin ganga wadda za a iya ɗorawa a mota ranar tashi. Malamai kuma sukan tunatar da jama'a cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar mutum ana rubuta masa shi a cikin sadakarsa.

Wanda ya sayi fili a bayan gari zai fara gini yana da wata dama ta musamman, wadda akan yi asararta a ranar farko idan aka sa leburori su share komai ƙarƙaf. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututturen itatuwa a gonakinsu suna sassabe tohon, su bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, kuma ta wannan hanya aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Kututturen magarya ko sabara ko kalgo da mai gini ya tarar a kusurwar filinsa ya riga ya yi saiwa mai zurfi, zai kuma fi kowane dashen leda saurin girma.

Ga mai dasa sabo, lokacin da ya fi dacewa shi ne Yuni zuwa Yuli bayan ruwa ya zauna. A haƙa rami mai zurfin ƙafa biyu, a cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a bar tazara tsakanin shuka da harsashin gini. Kada a yi wa shinge aski yana tsakiyar fure, kada kuma a sare reshen da ke ɗauke da sheƙa. Feshin maganin ƙwari barkatai yana kashe abincin da aka shuka itacen dominsa. Iyaye kuma su tsawata wa yara game da harbin tsuntsaye da danƙo, domin babu amfani a kira baƙo gida a kuma jefe shi.

Daga ƙarshe, akwai aiki a gaban hukumomi. Wuraren renon itatuwa na ma'aikatun gandun daji na jihohi, da Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015 domin jihohi 11 na Arewa, ya kamata su riƙa renon lalle da minjirya da magarya da anza tare da manyan itatuwa, domin a halin yanzu mai neman waɗannan da wuya ya same su a wurin masu sayarwa na bakin titi. Masu sayarwar nan abin da ake tambaya suke kawowa, ranar da ma'aikata suka fara tambayar minjirya za a ga minjirya a cikin leda. Shugabannin makarantu su ware wa kowane aji ɗan fili, ɗalibai su dasa, su yi ban ruwa, su riƙa rubuta sunayen tsuntsayen da suka sauka da watan da suka zo, su kuma tambayi kakanninsu sunayen Hausa na waɗanda ba su sani ba tun masu sanin suna raye. Ma'aikatun ayyuka da gidaje kuma su sanya sharaɗin barin wani kaso na fili ba siminti a cikin kowane sabon rukunin gidajen da za a gina. Damina mai zuwa ba ta da nisa, ya kamata kowane maigida ya fara duba kusurwar da zai haƙa raminsa tun yanzu.